Yadda ake sa batir mai bolt 8 a tsohuwar mota mai nauyin tashi

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota mai bolt 6 (bolt shine ma'aunin ƙarfin wutar batir) ya san kukan nan, ka murɗa ki sai kaji wuuu... wuuu... kamar kik ɗin bacci yake ji, musamman in injin ya ɗau zafi ka kashe ka dawo bayan minti goma. Motocin Amurka sun bar bolt 6 tun tsakiyar shekarun 1950, Chevrolet a 1955, Ford a 1956, ita kuwa Volkswagen Beetle sai wajen 1967 ta koma bolt 12, to duk wadda ta girmi nan da ita muke. Shawarar da kowa zai fara baka ita ce ka sa mata batir mai bolt 8. Yana aiki, ban ce baya yi ba, amma naga mutane da yawa sun sa shi bayan sati ɗaya sun dawo ana tura musu mota, nima na shiga sahun.

Kafin ka sayi komai ɗauko mita ka auna. Batirin bolt 6 gida uku gare shi, kowane gida kusan bolt 2.1, in ya cika zai nuna wajen 6.3. Sa wani ya murɗa ki kai kana kallon mita a kan batir, in ya faɗo ƙasa da 4.8 batirin ne ya gaji ko kuma kik ɗin ne yake zuƙar wuta fiye da ƙima. In bai faɗo ba, sa baki ɗaya na mitar a kan batir inda kebul ɗin kik ya taso, ɗayan a kan notin kik inda kebul ya ƙare, a sake murɗawa. Abinda mitar ta nuna shine wutar da take zubewa a hanya, kuma bai kamata ta wuce 0.2 zuwa 0.3 ba. Ka maimaita tsakanin ɗaya kan batirin da jikin kik. Na sha ganin bolt guda cur yana ɓacewa a nan, kaga kuwa ɗaya cikin shida ba wasa bane.

Dalili shine motar bolt 6 tana jan amfiya, wato yawan wutar da take gudana a waya, kusan ninki biyu na mai bolt 12 kafin tayi aiki iri ɗaya, shi yasa asalin kebul ɗinta yake da kauri kamar babban yatsa. Sai wani ya zo ya canza mata da siririn kebul ɗin motocin yanzu saboda shine a kusa kuma yafi araha. Ni a wajena ƙasa da 1/0 ba kebul bane, 2/0 yafi, wato milimita sukwaya 50 zuwa 70. Kada kaurin roba ya ruɗe ka, jan ƙarfen ciki zaka duba. Ka kankare fenti da tsatsa a inda kebul yake kama jikin mota har sai ƙarfe yayi ƙyalli, in Beetle ce ka leƙa ƙasa akwai wata faffaɗar waya tsakanin giyabos da bodi, ita kowa yake mantawa da ita. Sannan a kwance kik a duba burosh da bushin, a duba tayimin ma don in yayi gaba da yawa shima yana danne kik. Wallahi sau da yawa a nan maganar take ƙarewa, kuɗin batirin ya zauna a aljihu.

In kayi duk wannan har yanzu tana jan ƙafa, ko injin ne sabon haɗi yayi tsauri, to sai bolt 8. Nemi na tayar da inji, ba irin na ƙananan motocin filin golf ba, waɗancan don jan wuta a hankali aka yi su ga nauyi ga girma, da wuya ma su shiga mazaunin batir. Auna mazaunin da tsayi kafin ka biya. Kuma ka duba wane kai ne yake zuwa jikin mota, Ford da Chrysler na zamanin bolt 6 fozitib ne a jiki, Chevrolet da Volkswagen negetib, yadda ka tarar haka zaka mayar.

Yanzu ga inda na sha kashi. Na ɗaura batir, na murɗa, mota ta tashi tun kafin in saki ki, na dinga murna ina kiran mutane su zo su ji. Kwana huɗu sai ta fara komawa gidan jiya, kafin sati ko ƙyas. Na zargi batirin, na zargi wanda ya sayar min, ashe laifina ne ban gyara saitin regileta ba, wato ɗan akwatin da yake ƙayyade wutar da dainamo, na'urar cajin motar, take tura wa batir. Regiletar bolt 6 an saita ta ta tsayar da dainamo a wajen 7.2, shi kuma batirin bolt 8 gida huɗu ne, cikarsa 8.4. To ta yaya 7.2 zata cika abinda yake 8.4? Ruwa baya hawa tudu. Kullum kana ɗiba ba'a zubawa har ya sauko 7.2 ɗin, wato 1.8 a kowane gida, wannan kuwa fanko ne, in ya daɗe a haka farantan ciki su lalace ko an yi caji bazai ƙara riƙewa ba.

Abinda ake yi shine a ɗaga regileta zuwa 9.2 ko 9.4. Ka fara da cikakken batir, ka bar injin yayi minti goma sha biyar yayi ɗumi, don saitin sanyi ƙarya yake yi. Buɗe murfin regiletar zaka ga naɗin waya biyu ko uku, wanda aka naɗe da siririyar waya shine na bolt, yana da ɗan sifirin a baya, wani da sukuru ake ƙara masa ƙarfi wani kuma ɗan harshen ƙarfe ake lanƙwasawa. Ƙara jan sifirin shine ƙara bolt. Kaɗan kaɗan dan Allah, taɓawar da kake ganin ba komai bace tana iya kai ka rabin bolt. Bayan kowace taɓawa mayar da murfin sannan ka ɗaga wuta ka karanta mita, saboda karatun yana canzawa in murfi a buɗe yake, wannan ma sai da ya cinye min yini guda kafin in gane. Katawut ɗin, wato naɗin da yake haɗa dainamo da batir yana raba su, shima a ɗaga shi ya riƙa kamawa a ɗan sama da 8.4, in ba haka ba in injin yana silo batir zai riƙa juye wuta cikin dainamo. In hannunka na rawa kai wa rewaya wanda ya san dainamo, ba wanda altaneta kawai ya taso ya gani ba. Kuma in an cire wayoyin dainamo sai an sake nuna mata fuskar wuta, wato ina ne fozitib ina ne negetib, kafin a tayar, yadda ake yi a Ford daban da na Chevrolet, ka bi littafin motarka.

Sauran kuma haƙuri ne. Kwan fitila zai yi haske sosai amma zai riƙa ƙonewa da wuri, ajiye wasu a mota. Tsohuwar rediyo mai kwalabe ka cire mata waya ko ka sa abin rage wuta, haka geji na mai da na zafi. Kwal da kontak zasu ɗau zafi, kada ka bar ki a kunne injin a kashe. Cajar gida mai 6 da 12 bata da amfani a nan, 6 bazata cika shi ba 12 zata dafa shi, sai ka nemi mai bolt 8 ko wadda ake saitawa. In kaga zaka ƙara fitilu ko wata na'ura ta zamani tsallake bolt 8 ɗin ka tafi 12 gaba ɗaya, altaneta, kwal, kwan fitila, abin rage wuta na geji, wayoyin motar sun isa tunda dama masu kauri ne, kik ɗin bolt 6 zai ɗauka in baka daɗe kana murɗawa ba, sai dai yana dukan haƙoran fulawil da ƙarfi.