Hoton ƙwayar halitta da eksire mai taushi: wuraren da ake yawan tuntuɓe

Ɗalibin da ya taso a Nima ko Madina, yake bincike a jami'ar Legon, in ya ƙudurta leƙa cikin ƙwayar halitta da eksire mai taushi, wato eksire mai ƙarancin ƙarfi, tafiya ta kama shi. Har yau babu injin sinkirotiron, wato babban injin da ke samar da hasken da ake wannan aiki da shi, ko ɗaya a Afirka, duk da taron da aka yi a nan Accra a 2019 kan yadda za a samar da shi. Sai dai ALBA a Sifen, BESSY II a Jamus, Diamond a Ingila, ko cibiyar Berkeley a Amurka. Kwanakin da ake ba mutum a can kaɗan ne, saboda haka ƙannena, kuskuren da aka yi a gida ba ya gyaruwa a can.

Babban kuskure shi ne rubuta wa masu tantancewa cewa za ka kalli ƙwayar tana motsi da ranta. Hasken da ake buƙata don a sami hoto mai kyau ya fi ƙarfin ƙwaya mai rai, lalata ta yake yi. Abin da ake yi shi ne a daskarar da ita farat ɗaya, ta tsaya a yanayin da take, da ruwanta, ba rini, ba yanka. In sauyi kake son gani, misali yadda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke cinye jar ƙwayar jini, sai ka daskarar da samfuri daban a kowane mataki na girmanta.

Wajen daskarewar ne aka fi asara. Wasu na tsoma samfurin kai tsaye cikin ruwan naitirojin. Shi kuwa tafasa yake yi a jikin abu mai ɗumi, tururin ya kare samfurin daga sanyi, ƙanƙara ta yi tsini-tsini ta huda ƙwayar. Cikin ruwan iskar gas ta ithen ake tsomawa, wanda naitirojin ya sanyaya, don ruwan ya daskare sumul kamar gilashi. Daga nan kada samfurin ya ƙara ɗumi ya haura kusan digiri 135 ƙasa da sifili, ko na ɗan lokaci. Hantsakin da ba a sanyaya ba ya isa ya ɓata shi, haka ma numfashinka a kan buɗaɗɗen mazubi, balle a laimar Accra da raɓa ke saurin kama komai. Ka rufe hanci da baki, ka rage buɗe mazubi.

Sai kaurin ƙanƙara. Hikimar na'urar tana ga haske mai ƙarfi tsakanin 284 da 543 eV (ma'aunin ƙarfin haske), inda kabon ke shanye haske fiye da ruwa nesa ba kusa ba, shi ya sa kitse da furotin ke fitowa da duhu. Amma ruwan ma yana shan nasa. In kauri ya wuce kamar maikiromita 10, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, hoto ya dushe. In kuma ka tsane ruwan da takarda fiye da kima, ƙwayar ta baje ko ta bushe. Ka shirya faifai da yawa, wato ƙananan fayafayan da ake ɗora samfuri a kai, kowanne da lokacin tsanewa daban, ka duba su da madubin haske mai sanyi kafin ka tura. Kada a manta da ɗigon zinariya, da su ake daidaita hotunan da aka ɗauka ta kusurwa daban-daban.

Akwai kuma masu sa ran ganin furotin ɗaya tilo. Iyakar gani a nan nanomita 25 zuwa 50 ce (nanomita dubu ne maikiromita ɗaya), wato gaɓoɓin ƙwaya da siffarsu. In wurin wani furotin kake nema, ka sa masa alama mai ƙyalli tun kafin daskarewa, a haɗa hotunan biyu.

Wajen fassara hoton ma a yi hattara. Faifai mai faɗi ba ya karkata fiye da kusan digiri 70 kowane gefe, don haka abu zagayayye kan fito a miƙe, kada ka ɗauka cuta ce ta sauya shi. Samfurin da ke ɗauke da cuta kuwa, ka tambayi cibiyar ƙa'idarta tun kana rubuta takardar nema, domin wasu ba sa karɓa sai an kashe ƙwayar da sinadari, wannan kuma zai shafi abin da za ka iya faɗa a kan sakamakonka.