Yadda Ake Sayen Invasion Kit na Invader Ba Tare da An Cuce Ka Ba

Ana ta tambayata kan Invasion Kit, wato ƙunshin ƙananan tayil ɗin nan da Invader, mai ƙawata bangon birnin Paris, ya fara fitarwa a 2000. Kaɗan yake yi a kowace fitowa, kowanne da lambarsa.

1. Zaɓi fitowar da kake so.
2. Nemi hoton ledar da ƙunshin ke ciki, gaba da baya.
3. Duba lambar da ke jikinta.
4. Nemi rasidin sayen farko.

Hattara! A nan ake damfarar mutane. Jabu ya cika kasuwa, araha kuwa ba ta ado. In babu rasidi, ka haƙura.

5. Biya ta hanyar da kuɗinka za su iya dawowa.
6. In ajiya kake nufi, kada ka farke ledar, darajarsa faɗuwa take.
7. Ajiye shi a kwance, nesa da danshi da rana.