Kwana biyu a Kano: yadda za ka zaɓi otal da wuraren zuwa

Na farko ka fara tsara inda za ka je kafin ka nemi otal, don yawancin abin kallo a cikin birni yake, Gidan Makama, fadar Sarki, marinar Ƙofar Mata da Kurmi duk kusa suke da juna.

Sai ka nemi masauki wajen Nassarawa ko Bompai, akwai masu sauƙin kuɗi kuma adaidaita sahu zai kai ka cikin gari ba wahala. Sabon Gari ya fi arha amma da hayaniya da daddare, in da iyali kake ni dai ban ba ka shawara ba.

Kar ka tura kuɗi don hoton da ka gani a Facebook, ka je da kanka a buɗe maka ɗakin, ka murɗa famfo ka ga ruwa na zuwa, ka kunna fanka, ka ɗaga zanin gado, sannan ka tambaya ƙarfe nawa suke tada janareta in an ɗauke wuta, wallahi a watan Afrilu wannan tambayar ta fi komai muhimmanci. Biya kwana ɗaya tukuna.

Dutsen Dala ka hau shi da sassafe kafin rana ta buɗe, daga nan ka gangara Kurmi, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. In Juma'a ce ka gama zagayen fada kafin azahar, hanya na cushewa.