Yadda na farfaɗo da keken ɗinkin Inna

Keken Singer ne baƙi, irin mai taka ƙafa. Ya shekara shida a ɗakin ajiya, da na fito da shi ko motsi ba ya yi. Ashe man gyaɗa aka riƙa zuba masa. Shi kuwa man girki idan ya daɗe sai ya daskare ya zama danƙo, ya haɗu da ƙura da burbushin zare ya riƙe komai.

Na cire allura da ƙoshiya, na kwance farantin da ke ƙarƙashin allurar. Can na tarar da datti ya cushe tsakanin haƙoran da ke jan yadi, baƙi ƙirin kamar kwalta. Da tsinke na fara sakace shi. Sannan na ɗiga kananzir a duk ramukan mai da mahaɗar ƙarafa, na bar shi ya kwana a waje, nesa da murhu.

Da safe na murza a hankali, ya ɗan yarda. Na bi da tsohon burushin haƙori da tsumma har sau uku. Jikinsa kam man keke kawai na shafa, don kada zanen zinariyar ya goge.

Bayan kananzir ɗin ya bushe na sa man keke, ɗigo ɗaya a kowane rami. Na gwada a kan tsohon yadi, ɗinki ya fita sumul.