Launin ɗakinki yana jikin kwanon kakarki

Ranar da aka raba kayan Kaka a unguwar Aboabo ta Kumasi, 'yan'uwana suka yi rububin atamfofi da 'yan kunne, ni kuwa aka turo mini abin da ba mai so: kwanukan jere guda 14, akwatin ƙarfe ɗaya, da gado mai rumfa wanda tsatsa ta fara cin ƙafarsa. Gwaggo har da cewa, "Ke da kike tela, kya riƙa zuba maɓallai a ciki." Da na kife babban kwanon sai na ga an buga Cekoslobakiya a gindinsa, ƙasar da ta rabe biyu tun 1993. Shuɗi ne mai duhu, da jan fure a tsakiya, da siririn ratsi ruwan ɗorawa a baki. Daga jikinsa na fitar da launin falona duka, kuma yanzu duk wadda ta zo awon ɗinki sai ta tambayi wanda ya tsara mini.

Kada ki fara da shagon fenti. Takardar launukan nan da suke miƙo wa mutum a shagunan Adum ruɗarwa kawai take yi, ki shiga da niyyar shuɗi ki fito da ruwan madara irin na kowa. Ki fara da tsohon abu guda ɗaya wanda kike ƙauna: kwano, ko zanen atamfa 'yar Holan da aka gada, ko darduma, ko keken ɗinki mai zanen zinariya. Waɗanda suka yi kayan nan ba su ji tsoron launi ba, kuma sun riga sun gama miki aikin haɗi. Ki zaɓi launi uku daga jikinsa, ki raba musu aiki kamar yadda kike raba kwanon abinci: ɗaya tuwo, ɗaya miya, ɗaya yaji. Tuwo shi ne bango, miya labule da kujeru, yaji kuwa 'yan ƙananan abubuwa da ido zai faɗa kansu. A wajena shuɗi ne tuwo, ruwan ɗorawa miya, ja yaji. Sai ki sa abin a jaka ki tafi da shi shagon, a gwada a gabanki. Hoton waya ƙarya yake yi a kan launi.

Na san haka ne don na taɓa mayar da yaji tuwo. Karon farko ja na shafa wa bango huɗu. Sai da aka yi shafi uku kafin farin da ke ƙasa ya daina leƙowa, domin ja da rawaya ba sa rufe bango da sauri, sa'annan da aka gama ɗakin ya tsuke, ya zama kamar cikin tanderun burodi. Wata biyu na yi ina kwana da haushi.

Kafin komai, in haya kike, ki sami mai gida. Doka dai ta ce kada kuɗin gaba ya wuce na wata shida, amma kowa a Kumasi ya san shekara biyu muke ƙirgawa mu miƙa, saboda haka ɗakin naki ne na lokacin da ya isa ki gyara shi. Na je na durƙusa na ce, "Baba Alhaji, ina so in yi wa ɗakin nan kwalliya." Ya ce in dai ba baƙi ba ne, in yi.

Daga nan ki duba lafiyar bangon. Garinmu damina biyu gare shi, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma tsofaffin gidajen Zango da yawa suna tsotsar ruwa daga ƙasa. Ki shafa tafin hannunki a gindin bango. In kin ji sanyi, ko kin ga fenti ya yi bororo, ko wani farin gari kamar kanwa yana fitowa, to laima ce. Launi mai duhu yana tona asirin laima fiye da fari. A kankare wurin, a nemo inda ruwan ke shigowa, sau da yawa kwata ce ta bayan ɗaki, a gyara, a bar shi ya bushe. Sabon shafen siminti yana son wajen mako huɗu kafin fenti ya hau. Shi ya sa nake cewa a yi aikin nan a hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, amma a rufe luba, wato gilasan taga, saboda ƙura.

Yanzu ga sirrin da ya fi kowanne, kuma ba sabo ba ne. Ki tuna tsofaffin makarantu da asibitoci da gidajen fataken goro: bango kashi biyu, ƙasa mai duhu da fentin mai, sama mai haske da fentin ruwa. Ba don ado kawai suka yi haka ba. Ƙasan nan ne yara ke dafawa da hannun manja, nan ne kujera ke goga, kuma fentin mai yana wankuwa da tsumma da sabulu. Ki auna ƙafa 4 daga ƙasa, wato mita 1.2. Kada ki auna daga daɓe a kowane lungu, don daɓen gidajenmu ba ya zama daidai. Ki sa masta ya yi amfani da siririn tiyo mai ruwa irin na magina, ya sa alama a kusurwoyi, a ja igiya da aka goga wa alli, a ɗaga ta a sake ta ta bugi bango ta bar layi. A manna salatif ɗin takarda a kan layin, a ɓare shi tun fentin bai gama bushewa ba. Lissafin ba wuya: ɗaki ƙafa 12 da ƙafa 12, ƙasan bangonsa bai kai murabba'in mita 18 ba, lita ɗaya kuma tana rufe kamar murabba'i 10 a shafi ɗaya. Galan mai lita 4 ya ishe ki shafi biyu, in bangon sumul yake.

Saman bangon na yi shi fari mai ɗan shuɗi-shuɗi, irin wanda Kaka ke samu in ta jefa bula a cikin farar ƙasa gabanin Sallah. Da wannan rabon, shuɗin ya yi nauyi a ƙasa kamar zane, sama kuma ta bar ɗakin yana numfashi.

Amma kada ki sayi galan sai kin gwada. Ki shafa kamu ɗaya a bango, ki dube shi da hantsi, da la'asar, da kuma bayan isha'i. Ƙwan fitila ma yana da ta cewa. Wanda aka rubuta 6500K a kwalinsa fari ne fat, yana mayar da tsohon katako kamar gawa. Ki nemi mai 2700K ko 3000K.

Gadon ƙarfen na kwance shi, na kwarara masa tafasasshen ruwa a gaɓoɓi saboda kuɗin cizo, na shanya kwana biyu. Mai walda ya gyara ƙafar. Burushin waya, sanfefa, jan fentin hana tsatsa, sa'annan baƙin fentin mai. Ƙwallayen tagullar da ke kan rumfar kuwa lemun tsami da toka suka dawo da su. Abu ɗaya da ba na wasa da shi: tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma mai guba. Ki jiƙa sanfefar kafin ki goga don kada ƙura ta tashi, ki ɗaure hanci, ki yi a waje, yara da mai ciki su yi nisa.

In za ki sayi tsohuwar kujera ko kabet, ki ɗaga ki ji nauyi, ki leƙa ƙarƙashi. Gari mai laushi a ƙasa alamar ƙwaro ce. Katakon odum da na maɗaci suna da nauyi, suna daɗewa, kuma zunubi ne a binne su da fenti: gogewa da banish sun wadatar. Katakon wawa kuwa, sunansa ya bi shi, ba nauyi, ƙwaro na son sa. Shi ne za ki yi wa launin da kika ga dama ba tare da kin yi asara ba. Kantar da na jera kwanuka a kai kafintocin Sokoban ne suka yi mini da wawa, na shafe cikinta da ruwan ɗorawa, aka ɗoro ta a aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya.

Labule yadi 6 na atamfar GTP ya yi mini taga biyu har da rigar matashi. Na sa masa shafi ta baya, don rana tana cin launin atamfa. Fure ɗaya mai hayaniya ya isa ɗaki. Sauran yadi su zama lami. Daɓen jan siminti ko tarazo, in Allah ya ba ki, ki yaye ledar da ke kai ki goge shi.

Sai jere. A nan ne hannu ke rawa, mutum ya so ya fito da komai, ɗaki ya koma rumfar kasuwar Kejetia. Kakanninmu sun jera daga ƙasa har rufi domin jere shi ne shaidar arzikin mace, amma su ba su da talabijin da firji da fanka a ɗaki guda. Bakwai na ɗora, manya a baya a jingine, ƙanana a gaba, da tazara tsakaninsu don shuɗin bango ya leƙo. Waɗanda suka ɓantare ba na cin abinci a cikinsu. Akwatin ƙarfen ya zama teburin tsakiya, sauran bakwai ɗin suna cikinsa, ina musanyawa duk azumi idan na sauke su wanki. Faifai uku a bango, kwandon Bolga ɗaya na zare da ƙyallaye, na tsaya.

Gwaggo ta zo yawon Sallah, ta daɗe a tsaye gaban kantar ba ta ce uffan ba. Da za ta tafi ta ce ai kwanon mai koren ganyen nan da ma ita Kaka ta yi wa alkawarinsa. Na buɗe akwati na ba ta.