Yadda Ake Gina Gida Mai Sauƙin Kuɗi da Sanyin Zama a Birni Mai Cunkoso

Hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa nan da shekarar 2050 kusan mutum biyu cikin kowane uku a birni za su zauna, kuma mafi yawan wannan ƙaruwa za ta auku ne a Afirka da Asiya. Tun yanzu ma sama da mutum biliyan ɗaya suna zaune a unguwannin da suka tashi ba tare da tsari ba. Idan aka yi maganar gida mai araha, hankali yakan tafi ga kuɗin bulo da siminti da kwanon rufi, alhali gida yana ci gaba da cin kuɗi bayan an tare a cikinsa, ta hanyar kuɗin mota zuwa wurin aiki, da na wutar da ake ƙonawa don korar zafi, da na sayen ruwa, da na gyara bayan kowace ambaliya. Yawancin abubuwan da ke rage wannan ɗawainiya ba sa buƙatar ƙarin jari. Shawarwari ne da ake yankewa kafin a haƙa harsashi, kuma idan aka bari sai gini ya tashi, gyaransu yakan yi tsada ko ma ya gagara.

Zaɓen fili

Mataki na farko shi ne zaɓen wuri, kuma a nan ne masu ƙaramin ƙarfi da hukumomi suka fi yin asara. Fili mai rahusa yakan kasance ko dai a can bayan gari, ko kuma a kwari da bakin magudana inda ruwa ke kwanciya. A ƙasar Meziko, a shekarun 2000, an gina ɗimbin ƙananan gidaje nesa da birane saboda arahar fili, daga baya iyalai masu yawa suka rufe su suka koma cikin gari, domin babu aiki a kusa, babu makaranta, kuma zirga-zirga ta cinye musu albashi da lokaci. Saboda haka, kafin a biya kuɗin fili, a lissafa abin da iyali za su kashe a kan sufuri a shekara, a haɗa shi da farashin filin. Sannan a je a duba wurin da damina, washegarin ruwa mai ƙarfi, a lura da shatin da ruwa ya bari a bangayen maƙwabta, domin wannan shati shi ne zai nuna tsayin da ya kamata daɓen gida ya kai. A kuma tabbatar da takardun mallaka, saboda wanda ke tsoron rusau ba ya zuba kuɗinsa a gini mai inganci.

Tsara gidan da zai girma

Mataki na biyu shi ne a zana cikakken gidan a takarda ko da kuwa rabinsa kaɗai za a iya ginawa a yanzu. Misali mafi shahara shi ne aikin Quinta Monroy a birnin Iquique na ƙasar Chile, wanda masanin zanen gine-gine Alejandro Aravena da abokan aikinsa suka kammala a 2004. Iyalai 93 ne suka daɗe suna zaune a wani fili mai faɗin rabin hekta a tsakiyar birni, kuma tallafin gwamnati bai isa a sayi filin a kuma gina musu cikakkun gidaje ba. Maimakon a kwashe su zuwa bayan gari, sai aka gina wa kowane iyali ɓangaren da ya fi wuyar yi, wato ginshiƙai da matattakala da kicin da banɗaki, aka bar gurbi a gefe wanda mai gida zai cike da ɗakuna idan hali ya samu. Hikimar ita ce an riga an lissafa nauyin ƙarin ɗakunan tun a harsashi.

Wannan batu na nauyi ba abin wasa ba ne. Sau da yawa rushewar benaye a birane masu cunkoso tana faruwa ne saboda an ɗora hawa biyu ko uku a kan harsashin da aka yi domin hawa ɗaya. Duk wanda ke da niyyar ƙara bene, ko bayan shekara goma ne, ya nemi injiniya ya tsara masa harsashi da ginshiƙai tun yau, domin wannan ne wurin da tsimi ke jawo asarar rayuka. Inda fili ya yi ƙaranci, gidaje masu jere waɗanda ke tarayya a bango ɗaya, masu hawa uku ko huɗu, sun fi dogayen benaye dacewa, tunda ba sa buƙatar lif, kuma bangon da aka yi tarayya a kansa yana rage bulo, yana kuma rage fuskar da rana ke duka.

Wajibi ne a zauna da waɗanda za su zauna a gidan kafin a gama zane. Masanin zanen gine-gine Hassan Fathy ya gina ƙauyen Sabuwar Gourna kusa da Luxor a Masar a shekarun 1940 da tubalin laka, gini mai kyau da sanyi wanda har yau ake karantar da shi, amma mutanen da aka yi dominsu da yawa sun ƙi barin tsohon ƙauyensu inda abincinsu yake, aikin kuma bai kammala ba.

Rana da iska

Mataki na uku ba ya cin ko sisi, amma yana da babban tasiri a kan zafin ɗaki. A ƙasashe masu zafi rana tana bi ta saman kai da tsakar rana, don haka bangayen kudu da arewa suna da sauƙin karewa da ɗan tsawaita bakin rufi. Bangayen gabas da yamma kuwa rana tana dukansu kai tsaye da hantsi da la'asar, musamman na yamma, wanda ke shan zafi har faɗuwar rana sannan ya riƙa sakinsa cikin ɗaki da dare, daidai lokacin da mutane ke neman barci. Saboda haka, idan fili ya ba da dama, a shimfiɗa gidan daga gabas zuwa yamma yadda dogayen bangaye da manyan tagogi za su kalli kudu da arewa. Idan titi ya tilasta wata fuska dabam, a sanya matattakala ko banɗaki ko ɗakin ajiya a ɓangaren yamma, su tare wa ɗakunan kwana zafin, ko a dasa bishiya mai inuwa a wannan gefe, nesa kaɗan da harsashi.

Game da iska, taga ɗaya ba ta shigar da iska yadda ya kamata, domin iska ba ta shiga inda ba ta da mafita. Kowane ɗaki yana buƙatar buɗi biyu a bangaye daban-daban, kuma ya fi kyau ɗaya ya kasance ƙasa-ƙasa, ɗayan kuma can sama kusa da silin, saboda iska mai zafi sama take tashi. A unguwa mai cunkoso inda bangon maƙwabci ke manne da naka, ƙaramin fili buɗaɗɗe a tsakiyar gida, ko ramin matattakala mai buɗi a samansa, yana yin wannan aiki, yana kuma shigo da haske ya rage kunna ƙwai da rana.

Sai dai yanayi ya bambanta, kuma kuskure ne a kwafi zanen wani yanki a kai wani. Inda ake zafi da bushewa, dare kuma yana yin sanyi, bango mai kauri da ƙananan tagogi ne suka dace, a rufe da rana, a buɗe da dare don sanyi ya ratsa bangon. Inda ake zafi da gumi, kamar biranen bakin teku, dare ba ya sanyi sosai, don haka bango mara nauyi da manyan tagogi da rufi mai faɗin inuwa sun fi amfani. A duka biyun, bangon gilashi da ake yayi a manyan ofisoshi bai dace da gidan mai ƙaramin ƙarfi ba, domin yana mayar da ɗaki tanderu wanda sai da na'urar sanyaya ɗaki ake iya zama cikinsa.

Rufi

A gida mai hawa ɗaya, mafi yawan zafi ta sama yake shigowa, kuma kwano marar silin yana sauke shi kai tsaye a kan mutane. Francis Kéré, wanda ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar yabo ta Pritzker ta masu zanen gine-gine a 2022, ya nuna mafita a makarantar firamare da ya gina a Gando ta Burkina Faso a 2001. Ya yi silin da tubalin laka mai ƙofofin iska, sannan ya ɗaga kwanon sama a kan rodi, ya bar tazara a tsakaninsu. Kwanon yana tare rana da ruwan sama, iska tana bi ta tazarar ta kwashe zafin, kuma iska mai zafi ta cikin aji tana fita ta silin. Ana iya yin irin wannan a ƙaramin gida ta hanyar barin ƙofofin iska tsakanin silin da kwano, a rufe su da raga saboda tsuntsaye da jemagu. Wanda kuwa ya riga ya gina gidansa, hanya mafi sauƙi ita ce shafa wa rufin farin fenti ko farar ƙasa. Birnin Ahmedabad na Indiya, wanda ya fito da shirin tunkarar tsananin zafi a 2013, ya yi amfani da wannan dabara a gidajen talakawa, inda farin rufi ke mayar da hasken rana ya rage zafin ɗaki da 'yan digiri. Ƙura tana rage amfaninsa, don haka a riƙa wankewa ko sabunta shafen kafin bazara.

Kayan gini

Sarrafa siminti ne ke haifar da kusan kashi 8 cikin ɗari na hayaƙin kabon mai ɗumama duniya da ɗan Adam ke fitarwa, kuma shi ne ke cinye kaso mai tsoka na kuɗin gini, don haka rage shi yana amfanar aljihu da muhalli a lokaci guda. Ba a cewa a daina amfani da shi. A ajiye shi inda ba makawa, wato harsashi da ginshiƙai da linta da banɗaki, a nemi madadinsa a bangaye.

Madadin da ya fi karɓuwa shi ne bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji. Tun a shekarun 1950 aka ƙera injin hannu mai suna CINVA-Ram a Kolombiya domin wannan aiki, kuma ire-irensa sun bazu a duniya. Ba kowace ƙasa ce ta dace ba, don haka a fara da gwaji. A kankare ƙasar sama mai ciyayi da saiwoyi a zubar, a ɗebo ta ƙarƙashinta, a zuba a kwalba mai faɗin baki har kusan rabi, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye ta kwana. Washegari za a ga yashi ya kwanta a ƙasa, lallausar ƙasa a tsakiya, yumɓu kuma a sama. Ƙasar da ake so ita ce wadda yashinta ya fi yawa, yumɓunta kuma daidai gwargwadon da zai riƙe ta. Idan yumɓu ya yi yawa bulon zai tsage yayin bushewa, sai a ƙara yashi. Ana gauraya ƙasar da siminti kimanin kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a yayyafa ruwa kaɗan yadda idan aka dunƙula ta a hannu za ta riƙe siffarta ba tare da ta jiƙa tafin hannu ba, sannan a matse. A jera bulon a inuwa, a lulluɓe da leda, a riƙa yayyafa masa ruwa, kuma a jira mako huɗu kafin a yi gini da shi. Gaggawa a wannan mataki ce ke ɓata sunan ginin ƙasa, har mutane su ce araha ba ta ado, alhali laifin na rashin haƙuri ne.

Ruwa ne babban makashin bangon ƙasa, saboda haka a ɗora shi a kan harsashin dutse ko kankare da ya ɗaga sama da inda ruwa ke fantsama, a shimfiɗa ledar hana danshi a tsakaninsu, a kuma tsawaita bakin rufi. A tuna kuma cewa a tsakiyar babban birni ɗauko ƙasa daga nesa yana iya cinye ribar, kuma wasu dokokin gini ba su amince da ita ba tukuna, don haka a bincika tun da wuri. Inda bulon da aka gasa ya fi samuwa, akwai salon jeri da masanin zanen gine-gine Laurie Baker ya yaɗa a jihar Kerala ta Indiya, inda ake tsayar da bulo a kan gefensa a bar rami a cikin bango, abin da ke rage yawan bulo da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ramin kuma yana tare zafi.

Ruwa da bahaya

Lissafin ruwan sama mai sauƙi ne, domin kowace milimita ɗaya da ta sauka a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 60 a wurin da ake samun ruwa milimita 800 a shekara yana karɓar lita 48,000, ko da yake wani kaso yana salwanta. A sanya indararo da tanki mai murfi saboda sauro, a bar ruwan farko ya zube domin shi ke wanko ƙura da kashin tsuntsaye, kuma a tafasa ko a tace duk wanda za a sha. Kada a malale tsakar gida gaba ɗaya da siminti, a bar wurin da ƙasa za ta sha ruwa, domin idan kowane gida ya tura ruwansa titi, lambatu ba zai iya ɗauka ba. Ramin masai kuwa ya kamata ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, kuma a fuloti ƙarami wannan ba ya yiwuwa sai maƙwabta sun haɗa kai. A unguwar Orangi ta birnin Karachi a Pakistan, tun daga 1980, ƙarƙashin jagorancin Akhtar Hameed Khan, mazauna kowane layi suka riƙa tara kuɗi suna shimfiɗa bututun bahaya na layinsu da kansu, aka bar wa hukuma manyan bututu. A Tailan ma shirin Baan Mankong, wanda ya fara a 2003, ya bi ta hannun ƙungiyoyin adashi na unguwanni, yana ba su rance mai sauƙi su mallaki fili tare su gyara gidajensu.

Idan kuɗi ba su isa a yi komai lokaci guda ba, a fara da harsashi da ginshiƙai, sai rufi mai silin, sai banɗaki da hanyar ruwa. Filasta da tayil da fentin ado za su iya jira. Sola ma ta zo daga baya, bayan an rage buƙatar wuta da inuwa da iska da ƙwayaye masu ƙarancin cin wuta, domin a lokacin ƙaramin faifai da batir guda za su wadatar da fanka da haske. Abin da ake buƙata tun yanzu shi ne a binne bututun waya a bango, a kuma tabbatar cewa katakon rufi zai iya ɗaukar nauyin faifan idan lokacinsa ya yi.