Mazauna Kansas da Oklahoma, ku shigar da mota rumfa kafin la'asar

'Yan'uwa da ke filayen tsakiyar Amurka, ga 'yar dabarar kare mota daga ƙanƙara.

Duk ranar da zafi ya haɗu da gumi mai danƙo tun hantsi, ku gama hidimar waje da wuri, ku sa mota a gareji ko ƙarƙashin rumfa kafin la'asar. Ko da waya ta ce yiwuwar ruwa kashi 30 ne kawai, kada ku raina.

Iska mai laima ce ke tasowa daga Tekun Meziko. Rana ta gasa ƙasa, iskar ta yi sama, nan da nan hadari ya haɗu. Hadarin nan kuwa da ƙanƙara yake zuwa, wani lokaci kamar ƙwan kaza. Gilashin motata ya taɓa tafiya haka, kuɗin gyaran har yau yana min ciwo.

In kun ga walƙiya, ku ƙirga daƙiƙoƙi har tsawa ta iso. Kowace daƙiƙa 3 kusan kilomita 1 ce. Ƙasa da daƙiƙa 30, ku shige ɗaki.

Amma a Nebraska da Kansas hadari kan faɗo cikin tsakar dare, bayan yini garau. Kada ku kashe gargaɗin yanayi na waya in za ku kwanta.